Baba Auke da Injin da Ya Zo daga Kanada

Ku yi haƙuri da ni. Ban taɓa rubuta abin da wani zai karanta ba in ba jarrabawa ba, wannan ma sau huɗu ina yaga ta. Ni ce Wietske, 'yar Jeltsje kafinta, ni ce kuke gani a lungun laburare ranar Laraba. Akwai waɗanda suka fi ni sanin Baba Auke Algra. Na jira su rubuta wa jaridar ƙauyenmu, ba su rubuta ba, shi kuwa yau ya rufe shagonsa na gyaran moton lantarki.

Shekara arba'in da ɗaya ke nan kekensa yana haye gada da ƙarfe bakwai saura kwata, lokacin da hazo yake kwance a makiyaya har shanu su zama kamar ba su da ƙafafu. Ya jingine keke, ya ɗora kofi. Kafin ya taɓa komai sai ya kunna moton da ya naɗa wa sabuwar waya jiya, ya lumshe ido, yana bin ƙuginsa da hanci. Masu wucewa sun ɗauka waƙar coci yake maimaitawa.

Mai gidan burodi ya ce Baba Auke ya taɓa shigowa sayen alewar yara, ya karkata kai, ya ce injin kwaɓa fulawa ba zai kai Juma'a ba. Ranar Alhamis injin ya tsaya. Manoman bayan gari kuwa har yanzu suna ba da labarin shekarar da ya shiga ruwa har ƙugu ya tayar da famfon da ke kwashe musu ambaliya. Waɗannan ji na yi. Abin da na gani da idona na gidanmu ne.

Bara, a lokacin kaka, Mamata Jeltsje ta fara tari. Likita ya ce garin katako ne ya cika mata ƙirji, ya ba ta zuwa Kirsimeti: ko ƙura ta bar shago, ko ita ta bar shi. Shagon kakana ne, a cikinsa ta koyi tafiya. Ta daina magana a wajen cin abinci.

Sai yayanta, Kawu Gerrit, ya zo daga Kanada bayan shekara talatin, ya sa aka sauke wani babban injin zuƙe ƙura da ya aiko ta jirgin ruwa. Ya canja masa filogi, ya kunna. Injin ya yi ta gurnani, jikinsa ya yi zafi, ƙura kuwa tana ta shawagi cikin hasken taga a hankali, kamar ba da ita ake ba. Na tsaya ina kallonta. Kyakkyawa ce, shi ya sa na ƙara jin tsoronta.

Da aka kira Baba Auke, bai ma shigo ba, daga bakin ƙofa ya rufe ido.

"Gerrit, injin nan naka kewar gida yake yi."

"Haba tsoho! A Kanada hular kanka zai zuƙe."

"Na ga alama, har gashin kanka ya tafi da shi." Ya ɗora tafin hannu a kan moton, ya janye da sauri. "Wutarku sau sittin take bugawa a sakan, tamu hamsin. Da wutar can aka raine shi. A nan tafiyar tsofaffi zai riƙa yi, yana zufa, wata rana ya ƙone."

"Ai na canja filogi!"

"Kai ma ka canja hula da ka sauka, amma har yanzu magana kake kamar da dankali a bakinka."

Mama ta yi dariya, dariyar ta koma tari.

"Baba Auke," ta ce, "a sa masa moton wutarmu mana."

"Ba zai isa ba, 'yata. Fankar an yanka ta ne don gudun can. Motonmu zai juya ta da sanyin jiki, ƙurar da ido ba ya gani ta zauna miki. Ita ce kuwa mai shiga ƙirji."

Bai zaɓi komai ba ranar. Ya zauna kan akwati wuni guda yana kallon yadda Mama take aiki, wane katako take gogewa, ina take sunkuyawa. Washegari ya zo da wani koren moto mai nauyi a amalanke, wanda ya fi na Kanada ƙarfi. Ya ɗaura shi a gefe, ya haɗa shi da fankar da bel, babban faifai a jikin moto, ƙarami a jikin fanka, don ta samu gudunta na asali. Da ya gama sai ya kwance wani ƙunshi, ya fito da baƙar kwat ɗinsa ta zuwa coci, ya rataye a ƙusa daidai inda hancin Mama yake tsayawa.

"Kada a taɓa min ita sai Asabar."

Ranar Asabar kafaɗun kwat ɗin sun yi fari-fari. Mama ta ce, "Ai ya ragu sosai, Baba." Ya kakkaɓe kwat ɗin, ya mayar kan ƙusa, ya sake faifai, ya gajarta bututun da ke zuƙe ƙurar. Lahadin nan ya shiga coci da 'yar shat cikin sanyin Nuwamba, matarsa Tryntsje na biye da shi tana cewa, "Wannan mutum zai kashe kansa ya bar min kunya." Lahadi ta biyu ma haka.

Baba Auke, kai ne ka yi rawar ɗari a layin mawaƙa sati biyu saboda ƙirjin da ba naka ba. Kai ne mai kunnen da wuta ba ta ɓoye wa sirri. Asabar ta uku ka goga farin hankici a kafaɗar kwat, ka ɗaga shi sama a hasken taga, ka daɗe kana dubawa, sannan ka ce, "To, yanzu a ba ni kofi."

Kwana huɗu kafin Kirsimeti Mama ta hura iska cikin na'urar likita. Ya duba, ya sake dubawa. Ya ce ta ci gaba da aikinta, amma da takunkumi.

Mun gode, Baba Auke. Ku kuma masu gyare-gyare da za ku gaje shi, don Allah kada ku tafi da zarar inji ya juya. Ku zauna ku ga mutumin da zai tsaya kusa da shi.

Ina ƙarasa wannan ne a kujerar baya ta zauren gari, inda ake masa walima. An yanka kek mai ruwan hoda, an ƙara kofi. Wani ya tayar da waƙar ban kwana, ga Mama can ta miƙe, ta kama baitin ƙarshe tana jan sa, tana jan sa, kowa numfashinsa ya ƙare ya bar ta ita kaɗai. Duk sun juya suna kallonta. Akwatin da ake jefa wa jaridar ƙauyenmu rubutu yana bakin ƙofa, ƙofar kuma a buɗe take.