Garejin da Ya Tashi Awakina

Shekara biyu bayan an canja kuɗi zuwa naira, maigidana ya bar aikin kanikanci a Kano ya dawo Birnin Kudu da tsohuwar a-kori-kura da akwatunan ƙarfe uku cike da kayan aiki. Da motar yake ɗaukar buhunan dawa zuwa kasuwannin Gwaram, ranar da ba kasuwa kuma ya gyara wa mutane babura a ƙofar gida. Sifanu da tayoyi da galan-galan na baƙin mai suka cika zaure, har baƙo ba ya samun inda zai shimfiɗa tabarma. Na san yana bukatar wuri. Yadda ya nemi wurin ne ban yafe ba.

Wata safiya ya leƙo ya ce in shiga ɗaki, magini zai shigo. Da maginin ya fita na fito, sai na ga an kafa turaku an zagaye kusurwar gabas ta gidan da igiya. A nan awakina suke ɗaure, a nan murhun da nake suyar ƙuli-ƙulin sayarwa yake, ga kuma zogale biyar da na dasa shekarun da yake Kano. Maigidana yana tsaye riƙe da kwalin sukari da ya yi zane a bayansa.

Na ce, “Malam, wannan igiyar ta mece ce?”

Ya ce, “Gareji zan gina. Ƙofa ta kalli titi, kantocin ajiya a bangon arewa, bencin aiki a nan, rami a tsakiya don shiga ƙarƙashin mota.”

“Awakin fa, da murhuna?”

“Ki mayar da su bayan ɗaki.”

“Bayan ɗakin da ko turmi ba ya shiga?”

Ya naɗe kwalinsa ya ce, “Gidan nan dai nawa ne.”

Yana fita na tumɓuke turakun na hura wuta da su. Washegari ya kafa wasu, su ma na ƙona. A karo na uku ya kawo na ƙarfe, ya buga su da babbar guduma yana kallona. Daga ranar magana ta yanke. In ajiye masa tuwo a bakin ƙofa, ya ci ya turo kwanon waje.

Da abin ya kai mako uku ya aika Gwaram aka kira yayansa, dattijon da ya riƙe shi bayan rasuwar mahaifinsu. Ya saurare mu ɗaya bayan ɗaya. Na ce, “Yaya, shekara shida yana Kano, da murhun nan na ciyar da yaran gidan nan.” Dattijon ya auna filin da ƙafa, ya ce a rage garejin taku uku a bar mini murhu, awaki kuma a kai su gidansa. Ba wanda ya gode masa a cikinmu. Da yamma aka sare zogalen, aka loda awakin a bayan motar.

Ranar da za a haƙa harsashi ina ɗaki na ji magini yana cewa, “A tambayi matar gidan inda ruwan sama yake bi, ita ce mai shara.” Maigidana ya ce, “Wannan ba aikin mata ba ne.” Na san amsar. Duk ruwan tsakar gidan ta wannan kusurwar yake gangarawa ya fita ta wata ƙaramar kafa a gindin katanga, wadda ciyawa ta rufe. Duk shekara ni nake buɗe ta kafin damina. Na ci gaba da tsince gyaɗata.

Aka yi ginin da bulo, aka rufa kwano. Ruwan farko mai ƙarfi ya sauka da rana maigidana yana kasuwa. Ya taru, ya rasa hanya, ya bi ta ƙaramar ƙofar garejin ta cikin gida ya cika ramin, ya hau kan kantar ƙasa. Da maigidana ya dawo ya daɗe a tsaye cikin laka, sannan ya zo inda nake.

“Kin san haka za ta faru?”

“Na sani.”

“Kika yi shiru?”

“Ba ka tambaye ni ba.”

Kwana biyu yana kwashe ruwa da bokiti, yana goge tsatsa. Ban ɗauki ko ƙwarya ba. Daga baya ya fasa katanga ya yi magudana, ruwa bai sake shiga ba. Magana ta dawo tsakaninmu kaɗan-kaɗan, ta cefane da ta yara, amma bai ƙara cin ƙuli-ƙulina ba, ni kuma ban taka garejin ba tsawon rayuwarsa.

Sai ranar rabon gado na shiga, don ’ya’yana sun ce dole in ga abin da ke ciki. Kowace sifana tana rataye a ƙusarta, daga babba zuwa ƙarama, ƙusoshi da notoci a gwangwanaye an rubuta girmansu. Wurin ya tsaru, ban yi musu ba. Na ce wa babban ɗana ya riƙe mabuɗin, na fito.