Takardun da na ƙona a kasko

Na fi shekara ina ɗaukar biro ina ajiyewa. Karatuna a aji shida na firamare ya tsaya, ga shi ina tsoron rubuta abin da zai zama tonon asirin mamaci. Sai da na tambayi malamai biyu suka ce babu laifi, sannan na zauna. Ko yanzu ban tabbata na yi musu cikakken bayani ba.

Maigidana ya rasu ana tsakiyar girbin masara. Gyaran famfon feshi ne sana'arsa, yana bin kasuwanni a kan babur daga nan Malumfashi zuwa Bakori da Kafur. 'Ya'yanmu biyu mata suna ɗakunansu, don haka da na fita takaba sai gidan ya yi mini faɗi. Nakan share tsakar gida sau uku kafin azahar.

Wata maƙwabciyata, malamar makaranta da ta yi ritaya, ita ta ja ni gidanta. Ta ce tunda hannuna ba ya zama, gara ya yi abin da za a gani. Takarda take yi da hannu. Za a yayyaga tsofaffin takardu a jiƙa kwana biyu, a kirɓa a turmi, a dama a baho da ɗan sitaci. Sai a nutsa katako mai ragar gidan sauro a ɗago a hankali, a kife a kan tsohon zane, a shanya a inuwa. In ana son ja a zuba ruwan zoɓo. In ta bushe a goge, a ninke, a huda da basilla, a ɗinke ta zama littafi. Tawa ta farko ta fito da kauri kamar ƙosai. Malama ta ɗaga ta tana dariya, ta ce wannan sai dai a ci da koko. Ranar na fara dariya tun rasuwar.

Da hannuna ya faɗa, sai ta ce in yi littafi da takardun Malam, wato maigidana, in sa masa bango da rigarsa, in samu abin riƙewa. Sharaɗinta ɗaya, kuma na riga na san shi: duk takardar da ke da sunan Allah ba ta shiga turmi.

Na yi alwala na buɗe akwatinsa. Akwai takardun bayanin maganin feshi, da tsofaffin jaridu, da kalanda. Kowace sai na duba gaba da baya, wata sau biyu. A ƙasa kuma na tarar da wasu ɗaure da zaren buhu, da rubutun hannunsa na haruffan Larabci, ƙanana, babu wasali. Kowace da Bismillah a samanta. Ban wuce layin farko ba. Na ɗauka addu'o'i ne da laƙani, irin wanda ba a ba ni izinin karantawa ba. Gara ta fara cin gefensu, ɓera ma ya taɓa. Kwana uku ina tunanin in na mutu wa zai kula da su, kada wata rana a ƙunshe daddawa a ciki, alhakin ya hau kaina. Sai na yi abin da na ga iyayena suna yi. Na wanke kasko, na ƙona su, na binne tokar a gindin katanga inda ƙafa ba ta zuwa. Har daɗi na ji, wai na sauke nauyi.

Littafin ya yi kyau. Shafi arba'in, launin ƙasa-ƙasa, da bangon shuɗiyar shaddarsa.

Bayan sallar layya ƙaninsa ya zo daga Funtua. Shi ne mai tsokanata tun ina amarya, yana cewa miyata ce ta ramar da wansa. Na nuna masa littafin, ya juya shi, ya yaba, sannan ya ce, "Yaya, a nan za ki kwafe waƙoƙin nasa ke nan?"

Na ce waɗanne waƙoƙi.

Ya ce ai Malam waƙa yake rubutawa da ajami tun suna samari, Hausa ce zalla, ta damina, ta auduga, ta mutanen da yake gamuwa da su a kasuwa. Ya ce akwai wata doguwa da yake karanta musu suna yi masa tsiya.

"Taki ce," in ji shi. "Ya ce kunya ba za ta bar shi ya karanta miki ba."

Na tashi na ce zan duba tukunya. Babu komai a kan wuta.

Shekara ashirin da shida muna tare. Ban san yana waƙa ba. Na kirɓe bayanin maganin ciyawa na adana shi a cikin shadda, maganarsa kuma na sa mata ashana da hannuna, da alwalata. Ƙanin nasa baiti ɗaya da rabi kawai ya iya tunawa, kuma bai tabbatar da rabin ba, shi ya sa ban rubuta ba. Ina gudun in sa wa mamaci abin da bai faɗa ba.

Amma ya gaya mini Malam yakan kwafa wa abokan hulɗarsa in sun roƙa. Saboda haka nake roƙon manoman Bakori da Kafur da Malumfashi. In kun san wani dogon mai gyaran famfon feshi, mai tabon ƙuna a bayan hannun hagu, kuma ya taɓa ba ku takarda da ajami, don Allah ku duba cikin akwatunanku. Ba zan karɓe muku ba, kwafa kawai zan yi in mayar. Wanda ya haddace ko da layi biyu ne, ya faɗa wa masu gyaran famfo na kasuwar Malumfashi, sun san gidan.