Ranar da Na Ce Wa Mahaifina Ya Matsa Gefe

A lokacin ina matashi mai ji da kansa, sana'ata ɗaukar hotunan gine-gine a Kaduna. 'Yan kwangila da masu zanen gidaje ke kirana in sun kammala aiki. Ina da wata aƙida da nake taƙama da ita, wai mutum ɓata hoton gini yake yi. Kafin in danna kyamara sai kowa ya kauce, an janye babur, an kwashe shanya. Nakan yi awa biyu a bakin titi a Kawo ina jiran rana ta haska bango yadda nake so, amma hoton biki ko na suna, gani nake ya yi mini kaɗan.

Mahaifina magini ne. Gidanmu na Kurmin Mashi da hannunsa ya gina shi, ɗaki bayan ɗaki. Mutum ne da ba ya son hoto, ko da sallah aka taru sai ya zame. Wata Juma'a bayan la'asar na je ɗaukar gaban gidan, don an yi masa sabon fenti. Sai ga shi ya dawo daga masallaci da farar babbar riga. Ya tsaya a ƙofar zaure, ya gyara hula, ya ce yau kam in ɗauke shi tare da aikinsa. Na ce ya ɗan matsa gefe tukuna kada hasken ya wuce, in na gama zan yi masa nasa. Ya matsa. Da na gama na waiwaya, ya riga ya shige ciki. Mahaifiyata ta ce in bi shi in ba shi haƙuri, na ce mata sai wani zuwan.

Ba a yi sati biyu ba zazzaɓi ya kwantar da shi, kwana uku Allah ya karɓi abinsa. Wajen rabon gado aka sayar da gidan, mai saye ya rushe ya yi shaguna. Na zazzage hotunana kaf, ko inuwar Baba babu. Mahaifiyata ba ta taɓa yi mini gori ba, amma ranar da na kai mata hoton gidan sai ta kau da kai, ta ce in ɗauke shi daga gabanta.

Har yau ina sana'ar don da ita nake ci, sai dai daɗinta ya fita. Kamannin Baba sun fara ɓace mini, kuma na san ba za su dawo ba. Duk wanda ƙwarewarsa ta sa ya fara ganin mutane a matsayin cikas, ya binciki kansa. In tsohonka ya roƙe ka ƙaramin abu, ajiye na hannunka ka yi masa nan take. Ni ban yi ba, kuma babu inda zan je in gyara.