Gidan Kwali da Na Kai wa Inna

Ni malamar firamare ce a Gusau, kuma ni ke koya wa yara aikin hannu. Wata abokiyar aikina, Kirista 'yar kudu da muka daɗe tare, ita ta nuna mini yadda ake yin katin gaisuwa mai siffar gida. A ninke kwali gida biyu, a yanke samansa ya yi tsini kamar rufin kwano, a tsaga ƙofa da reza ta gefe uku don ta riƙa buɗuwa. Ta ce a wurinsu irinsa ake kai wa wanda ya tare a sabon gida. Ban sami wanda zan yi wa ba sai a daminar da aka dawo da Inna Gusau.

Inna yayar mahaifiyata ce, kuma a hannunta na tashi, a wani ƙauye na ƙasar Tsafe. Sau uku 'yan bindiga suna shiga garin. Zuwan farko suka kora shanu, na biyu suka kwashe mutane. A na uku suka tarar da mijinta a gona da hantsi yana noman farko, suka harbe shi. Ban je jana'iza ba, ban je zaman makoki ba. Na ce hanya ba kyau, kuma gaskiya ne, amma wasu sun bi hanyar nan sun je. Tsoro ne ya hana ni.

Ko takaba ba ta gama ba, babban ɗanta, wanda nake kira Yaya, ya je ya ɗauko ta. Direba ne, yana jigila tsakanin Gusau da Bungudu. Ya kama mata ɗaki a wani gidan haya a bakin gari, gidan da iyali shida ke amfani da banɗaki ɗaya, tsakar gida duk siminti, babu ko itace guda.

Ranar Asabar da safe na zauna yin katin. Na samo kwalin sabulu mai kauri, na lulluɓe shi da shuɗiyar takarda, na yi masa jan rufi. Na yanka tagogi biyu, na liƙa musu labule da ƙyallen atamfa. Gam ya ƙi kamawa saboda danshin damina, sai da na danne shi da dutsen guga. A ciki na rubuta barka da sabon gida, da addu'ar Allah ya sa an shiga a sa'a. Na ɓata fiye da awa uku a kansa. Yanzu na san dalili. Ban san abin da zan ce mata ba, shi ya sa nake neman abin da zan riƙe a hannu in shiga da shi.

Na same ta zaune a kan tabarma, ta rame, ta yi baƙi. Kayanta na jingine a bango cikin buhuna uku, ba a kwance ko ɗaya ba. Na durƙusa na yi mata gaisuwa, na fara kame-kamen hanya.

"Bari, ɗiyata," in ji ta. "Da kin zo ma, hankalina ba ya kwanciya."

Na miƙa mata katin. Ta juya shi gaba da baya.

"Wanga gidan wa na?"

"Naki ne, Inna. Na murnar tarewa."

Ba ta karatun boko, sai na karanta mata. Ta ce amin. Ta ɗan jima tana kallonsa, sannan ta tambaye ni ina rumbu. Na ce ban sa ba. Ta sa farce ta buɗe 'yar ƙofar, ta rufe, ta sake buɗewa.

"Ƙofa guda gare shi," ta ce. "In sun shigo, ta ina mutane za su fita?"

Ba da wasa ta faɗa ba. Daga nan ta ba ni labarin ranar da aka kashe mijinta, ba tare da na tambaya ba. Tana ɗora tukunya ta ji harbi daga wajen gonaki. Ta keta dangar bayan gida ita da maƙwabciyarta, suka kwanta cikin kwazazzabo har la'asar, ruwa na bin jikinsu. Da suka fito, an riga an kawo shi a kan amalanke. Tana magana tana fifita da katin, don ɗakin taga ɗaya gare shi kuma babu wuta. Kafin in tafi na ga ta rufe ƙwaryar furarta da shi saboda ƙuda. Ban ji haushi ba. Kunya ce ta kama ni, har na kasa haɗa ido da ita wajen sallama.

Duk daminar nan maganarta ɗaya ce, geron da marigayi ya shuka. Ko an yi masa maimai, ko ya yi bunni, ko tsuntsu ya sauka. Kullum sai ta ce wa Yaya ya kai ta ta gani da idonta, shi kuma ya ce sai hanya ta lafa. Ta hana a kwance buhunan. Ta ce wanda zai koma gida da kaka, me zai kwance.

Da kaka ta yi, Yaya ya bi wasu 'yan garin da suka yi ƙundumbala suka je. Ina wurinta ranar da ya dawo. Ya zauna a bakin ƙofa ya cire hula. Na yi masa alama da ido ya sassauta, bai kula ni ba. Ya ce an ɓalle kwanon ɗakunan, an ƙone rumbunan biyu, geron kuma wasu sun riga sun yanke. A garin duka tsofaffi huɗu ya tarar.

"Kushewarsa fa?"

"Tana nan, Inna. Na gyara ta, na sa ƙaya."

Ta ce madalla. Ba ta yi kuka ba. Bayan ta yi sallar la'asar ta ce in jawo mata buhunan. Muka kwance su ɗaya bayan ɗaya: tukwane, faifai, zannuwa, wata tsohuwar fitila. A ƙasan na ƙarshe akwai fartanyar mijinta, ƙasa ta bushe a bakinta. Ta riƙe ta tana dube-duben ɗakin. Babu inda ya dace da ita. Daga ƙarshe ta sunkuya ta tura ta ƙarƙashin gado, ta ce in miƙo mata tsintsiya.