Inuwa Ƙafa Bakwai

Zamanin da Sarkin Musulmi ke zaune Wurno, mu muna wani ƙauye wajen Dinawa, inda kiran salla ba ya kawowa sai iska ta ga dama. Kakata, wadda muke ce ma Inna, ita ke karantar da mu 'yan mata ƙanana. Tsohuwar nan ba a tambayarta a huta. Ki ce mi ya sa tulu ke sanyaya ruwa, sai ta ce, "Shafa bayan tulun ki gaya min." Haushi kamar in mutu!

Da idonta yaf fara mutuwa, tsoronta ɗaya: kada salla ta kuɓuce mata. Wata bazara tas sa munka tsaya tsakar gida, duk ranar da kiran la'asar ya iso kowace ta auna inuwarta da ƙafarta. Babba da ƙarama, bakwai munka samu. Ni ko nir riƙe bakwai ɗin nan gam, niz zama idon Inna, ina taƙama.

Sanyi ya shigo, ina nan ga bakwai. Ran nan nic ce mata lokaci ya yi, tay yi salla. Can bayan mun daɗe da naɗe tabarma, iska ta kawo kiran. Wayyo! Kwana nawa ke nan ina sa ta salla kafin lokaci? Nif fashe da kuka.

"Share hawaye, ɗiyata," in ji ta. "Yaushe rabonki da duba inuwa rana tsaka?"

Washegari nid duba. Da bazara ƙarƙashin ƙafata take ɓuya, yanzu ga ta har ƙafa biyar. Kwana uku ina awo kafin in gane a kan wannan biyar za a ɗora bakwai. Inna ta sani sarai, amma ta bar ni. Sallolin kuwa ta rama su, ba ta taɓa yi min gori ba.

Da sanyi tak kwanta ciwon ajali. Wata rana tac ce, "Nawa?"

"Sha ɗaya, Inna, saura ɗaya."

"To, koma ki jira ta."

Nit tsaya cikin rana har inuwata ta cika sha biyu, nis shigo da gudu. Inna ta riga ta cika. Nid durƙusa kusa da kunnenta, nig gaya mata duk da haka.