Yajin Mutanen Ailan

Har yau ban san inda Ailan take ba. Ban yi karatu ba, wannan ma faɗa nake kina rubutawa. Amma sunan ƙasar ya zauna a bakina saboda maigidana, Allah ya jiƙansa.

Ƙauyenmu yana cikin duwatsu, kusa da Keita. Bayan yunwar farko, wadda ta ɗauke mana ɗiya biyu da duk awakinmu, maigida ya riƙa zuwa cin rani Najeriya. Wata shekara ya dawo da rediyo. In akwai pil, wato batir, bayan la'asar yakan ajiye ta gindin rumbu, shi da yayansa su saurari labarun duniya, ni ina daka.

Ran nan mai labari ya ce a Ailan wasu samari da ke kaso suna yajin cin abinci, har ɗaya ya mutu. Na tsayar da taɓarya.

"Malam, wane irin yaji ne wanga da ke kashe mutum? Barkono ne ya yi yawa?"

Yayansa ya yi dariya har hularsa ta faɗi. Maigida ya ce, "Ke, ba yajin miya ba ne. Irin wanda kika yi ne, da kika kwashe kayanki kika tahi Deule gidan ubanki. Ke ɗaki kika bari, su tuwo suka bari."

"Ni ai na dawo."

"Don na biyo ki. Su ba wanda ya biyo su."

Ya bayyana mini cewa mahukunta sun ɗauke su masu laifi kamar ɓarayi, su kuwa sun ce ƙasarsu suke wa faɗa, ba za su sa rigar kaso ba. Daga nan gardama ta kama tsakanin 'yan'uwan biyu, kullum. Yayan ya ce wanda ya ƙi abinci har ya mutu ya kashe kansa ne kawai. Maigida, wanda kakanninsa suka yi wa masu raƙuman arewa noma, ya ce wanda aka ƙwace wa komai, cikinsa kaɗai ya rage masa da zai yi iko da shi. Ni dai abin bai shiga kaina ba. A yunwar farko na tona gidan tururuwa da hannuna ina neman tsaba, ga wasu can ana kawo musu akushi suna turewa.

Daga baya aka ce wasu iyaye mata, da 'ya'yansu suka suma, sun ba likita izini ya ciyar da su. Maigida ya ɓata rai.

"Sun ci amanarsu. Sun jira sai da ba su iya magana."

"Da ni ce uwar, ba zan jira suma ba," na ce.

"To, ji nan, uwar yara. Ran da na yi nawa yajin, kar ki sa mini ludayi a baki."

Muka yi dariya. Rumbu cike yake lokacin.

Damina uku bayan haka ruwa ya ƙi. Gero ya ƙone tun bai kai gwiwa ba. An rufe iyaka, ba cin rani, ga ƙafarsa ta kumbura. Na shiga cikin mata masu ɗaukar duwatsu a aikin gyaran ƙasa, ana biyanmu da hatsi da ɗan mai. Abin da nake samu ba ya kai mu, mu da yara huɗu. In na kai masa nasa da yamma sai ya ce ya ci wurin yaya, in ba yara rabonsa. Na yarda, don gajiya ba ta barin mutum ya yi tambaya.

Sai wata rana na haɗu da yayan a bakin rijiya, na yi masa godiya. Ya dube ni.

"Godiyar mi? Ai ni ce mini yake ya ci a gida."

Na iske shi kwance a inuwar rumbun da ba komai ciki. Sai ran nan na lura da yadda wuyansa ya rame.

"Malam, mi ke nan?"

"Yaji nake."

"Ga wa? Su can suna da mahukunta. Kai wa kake wa yaji? Allah?"

"Astagfirullah. Ba kowa. Ki lissafa bakuna, ki cire wanda ba ya ɗaukar dutse kuma ba ya girma. Kin yi mini alkawari."

"Ban yi ba. Dariya na yi."

Ya juya mini baya. Na roƙe shi, yayansa ya yi masa faɗa, liman ya zo. Ruwa kawai yake sha.

Ranar da na dawo aiki na kira shi bai amsa ba, na daɗe tsaye da ƙwaryar kunu. Kunun na yara ne, suna kallona. Na tuna matan nan da ban taɓa gani ba, kowace tsaye kan ɗanta. A da na ce abu ne mai sauƙi. 

Na tallafi kansa, na buɗe bakin da yatsa, na ɗiga. Ya haɗiye. Na ƙara. Can ya buɗe ido, ya dubi ludayin, ya dube ni.

"Kunun ga ba yaji," ya ce.

Daga ranar ya riƙa karɓa, ludayi biyu ko uku, idonsa a rufe don kar ya ga yaran. Amma jikin ya riga ya tafi. Ya kai ruwan farko, ya ji ƙamshin ƙasa, aka binne shi a ƙasa mai laima.

Bai taɓa cewa na yi daidai ba, bai kuma ce na ci amanarsa ba. Ina kuka har yanzu, kina gani. Rediyon na sayar a shekarar, har yau kuwa ban ji abin da samarin da aka ciyar suka ce wa iyayensu mata da suka farka ba.