Malam Barau, Wanda Ya Hana a Rufe Laburarenmu

Inna lillahi wa inna ilaihi raji'un. Ranar Talata, 14 ga Maris 1995, labari ya iso mana daga Maiyama cewa Allah Ya karɓi ran Malam Barau Yari, mai kula da laburaren makarantarmu ta sakandare a Jega, bayan gajeruwar jinya.

Malam, ni da na koyar tare da kai ba zan manta da shekarar da aka ba mu Jihar Kebbi ba. Ɗalibai sun ƙaurace wa laburare, har hukumar makaranta ta yanke shawarar kwashe littattafan, a mayar da ɗakin ma'ajiyar karyayyun kujeru. Ka roƙi a ba ka zangon karatu ɗaya kafin a yi hakan.

Ka ce yaran ba karatu suka ƙi ba, kowa da ƙofar da ilimi ke shigarsa: wani ta kunne, wani ta ido, wani sai ya taɓa. Masu kunne ka tara su gindin dogonyaro kana karanta musu, kana sauya murya har muna tsokanarka da ɗan wasan rediyo. Masu ido ka cika musu bango da zane da taswira.

Sai Ɗahiru, ɗan wani manomin albasa daga Danwarai, wanda kowa ya fid da rai da shi. Ka ce mini, "Malam Mas'ud, wanga yaro ba daƙiƙi na ba, hannunai ka karatu." Ka ajiye masa mataccen injin ban ruwa kusa da littafin da ke bayaninsa, yana kwancewa yana neman sunan kowane ƙarfe a shafi. Ranar da injin ya tashi, hayaƙi ya turnuƙe ɗakin, muka rugo da bokitai, muka tarar da kai kana dariya har da hawaye. Yau manoman Aliero layi suke yi a shagonsa na gyaran inji.

Kujerun nan kuwa sun shiga laburare, amma sai da ɗalibanka masu hannu suka gyara su, don wurin zama ya kasa. Ka yi nasara, Malam, kuma muna alfahari da kai.

Muna ta'aziyya ga mai ɗakinka Uwani da 'ya'yanku. Allah Ya ba su haƙuri, Ya jiƙanka, Ya haskaka kabarinka, Ya sa Aljanna ce makomarka. Da safen nan na leƙa laburaren, ya cika maƙil. Kujerarka kaɗai ce babu kowa a kai.